Sabo Mai Weji da Maɗacin Gidan Alhaji Lukman

Duk wanda ya daɗe a Wudil ya san Sabo Mai Weji, ko bai taɓa ganin fuskarsa ba ya ji sunan. Mutumin Dagumawa ne. Mahaifinsa masassaƙi ne, mai yin turmi da taɓarya, amma Sabo bai gaji sassaƙar ba, don ba shi da haƙurin zama wuri ɗaya yana ƙwaƙular itace tun safe har yamma. Abin da ya ɗauka a wajen tsohon shi ne sanin bishiya. Yakan tsaya a gindinta ya ɗaga kai, ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa jikinta da bayan gatari yana saurare, sannan ya nuna ƙasa da ƙafa ya ce, "Nan za ta kwanta." Kuma nan ɗin take kwanciya.

Da gatari da dogon zarto ya fara. Da injin yankan itace ya shigo gari, sai masu inji suka riƙa nemansa, domin inji yanka kawai ya iya, bai san inda ɗakin mutane yake ba. Idan bishiya tana tsakanin katanga da rijiya, ko ta karkata kan wayar wuta, Sabo ake aika wa. Zai zo a kan kekensa da tsohon buhu ɗaure a baya. Ba komai a cikin buhun sai guduma da wejina goma sha biyu, wato guntayen itace da aka fiƙe kansu ɗaya ya yi faɗi da siriri, ɗaya kan kuma aka bar shi da kauri don dukan guduma.

Aikin ba ya da wuyar faɗa. Ana fara yanke wa bishiya baki ta ɓangaren da ake so ta faɗi. Sai a zagaya baya a yi wani yankan, a ɗan ɗaga shi sama da na gaba. Ba a barin yankan biyu su haɗu, ana rage tsiri a tsakani, wanda Sabo ke kira wuya, shi ke riƙe bishiyar ya bi da ita hanya. A cikin yankan baya ake cusa weji, a riƙa dukansa a hankali yana ɗaga gangar bishiyar, har nauyinta ya rinjaya gaba.

Wajen zaɓen wejin ne Sabo ya bambanta da kowa. Ba ya yin weji sai da busasshiyar ƙirya ko marke, kuma tilas jijiyar itacen ta bi tsawonsa, in ta gicciye, duka uku zai tsage. Babbar bishiya dogon weji siriri take so, mai ɗagawa kaɗan-kaɗan. Ƙarama kuwa gajere mai kauri, don kada ya je ya tokari wuya. In zai ɗora wani kan wani, sai ya barbaɗa yashi a tsakaninsu don kada su zame. Kuma ba ya yarda da weji ɗaya a babban aiki. Biyu yake kafawa, dama da hagu, ya doki wannan ya doki wancan.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana aiki da Halliru, wani magidanci mai inji daga cikin gari. Halliru mutum ne mai ƙarfi da fara'a, ba ya ƙyuya, sai dai sauri. Wani maƙeri ya ƙera masa weji da tsohon sifirin babbar mota, yana ji da shi ƙwarai.

"Baba Sabo, wannan fa har jikoki," in ji shi ranar da ya kawo shi. "Naka kullum sai an fiƙe sabo."

Sabo ya karɓa ya juya shi a hannu, ya shafa santsinsa da babban yatsa. "Ƙarfe ba ya cizon itace, Halliru. Ranar da bishiya ta danne shi da gaske, tofo maka shi za ta yi. In kuma sarƙar injinka ta taɓa shi, ka huta da aikin ranar."

Halliru ya yi dariya ya jefa shi cikin akwatin inji. Bai yi gardama ba, tunda dai Sabo ne ke riƙe da guduma.

Shekara huɗu ke nan da abin ya sami Sabo. Suna Lajawa, sun gama kayar da wani gawo a gonar mutane, rana ta take. Ya sunkuya zai tattara wejinansa sai gudumar ta suɓuce daga hannunsa. Ya sake kai hannu, hannun bai je ba. Halliru ne ya ɗauko shi a mota aka kai shi asibiti. Aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Bayan mako uku aka dawo da shi gidansa na Sabon Gari, ƙafar dama tana jan ƙasa, hannun ya naɗe a ƙirji, kansa yana ɗan kaɗawa ba da sonsa ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne baki. Hankalinsa lafiya lau, yana jin duk abin da ake faɗa, amsa ma tana nan a shirye a zuciyarsa. Amma in ta taso zuwa harshe sai ta ɓace, abin da ke fitowa kawai shi ne, "To." Ko yunwa yake ji, "To." Ko ƙuda ya dame shi, "To." Wani lokaci "Allah" kan fito, shi ke nan. Matarsa Barakatu, wadda suka yi shekara talatin da shida tare, ita ta zama bakinsa. Tana gane ƙishirwarsa, tana gane gajiyarsa, ta san lokacin da yake son a juya shi. Sai dai ita ba ta taɓa bin sa daji ba.

Kullum da hantsi takan shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, ta jingina shi da bango. Daga nan yana kallon layi. Tsallaken layin akwai tsohon gidan su Alhaji Lukman, ɗan kasuwa, da wani ƙaton maɗaci a gabansa wanda ya girmi yawancin gidajen unguwar. Ta gabas da maɗacin akwai rumfar kwano inda Mairo ke da injin niƙa. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata uku, da wannan injin take ciyar da su. Ta yamma kuwa fili ne ba kowa.

Sabo ya san maɗacin nan kamar yadda ya san ɗakinsa. Tun yana da lafiya ya taɓa ƙwanƙwasa shi, ya ji ƙara kamar ta ganga, alamar kogo. Yanzu da yake zaune ba abin yi, ya ƙara karantarsa. Da damina yana ganin baƙin ruwa na tsiyaya daga wani kogo a inda rassa suka rabu. Yana ganin hanyar gara tana hawa ta gefen gabas. Kuma manyan rassa biyu sun miƙa kan rumfar Mairo, nauyin duk can yake. A waje kore shar, a ciki ba kowa a gida.

Bara, ƙarshen bazara, Alhaji Lukman ya yanke shawarar gina shaguna a wurin. Ya samo takardar izini, ya kira Halliru. Wata Talata da safe Halliru ya iso da injinsa, tare da ɗan'uwansa Abdulbaƙi, wanda tun ciwon Sabo shi ke riƙe masa guduma. Kafin ya taɓa komai sai da ya tsallako ya durƙusa gaban tabarma.

"Baba Sabo, ina kwana? Ya jiki? Ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi."

"To," in ji Sabo.

"Yau a gabanka za mu yi aiki. Yamma za mu kwantar da shi, cikin filin can. Ya yi ko?"

Sabo ya ɗaga hannun hagu ya nuna gangar bishiyar. Ya dunƙule hannun ya ƙwanƙwasa ƙirjinsa sau uku, yana so ya ce a buga a saurara. Ya tattara duk ƙarfinsa a baki, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"To. To."

"Madalla," in ji Halliru, ya miƙe yana murmushi. "Ka ji Baba ya sa mana albarka, Abdulbaƙi."

Sun yi abin da ya kamata na farko. Sun kori mutane daga layin, sun ce wa Mairo ta kashe inji ta fito da kwanukan mutane, ta tsaya nesa da 'ya'yanta. Mairo ta tambaya ko za a janye injin. Halliru ya ce ba sai an wahala ba, an dasa shi da siminti, kuma bishiyar ba nan za ta nufa ba.

Injin Halliru ya tashi. Halliru ya yanke baki ta yamma, ya fito da shi tsaf. Sabo bai ga laifinsa ba. Da ya zagaya baya ya fara yanka, dusar itacen da ke feshi ja ce mai haske, ta lafiyayyen maɗaci. Ba a yi nisa ba ta canja. Ta koma baƙa, jiƙaƙƙiya, tana faɗuwa a dunƙule kusa da ƙafar Halliru. Injin ma ya canja murya, ya daina nishi, ya shiga gudu kamar yana yanka kabewa. Sabo ya ji wannan daga inda yake, ya gane an kai ga ruɓa. Halliru kuwa daɗi ya ji, aiki na sauri.

A nan ne da Sabo zai ɗaga hannu a tsaya. Da sai a hau a rage rassan gabas tukuna. Da sai a ɗaura igiya a sama a ba mutum biyar su riƙe ta yamma. Da sai a bar wuya da kauri, a kafa dogayen wejina biyu can gefe-gefe, kusa da ɓawo, inda itacen ke da sauran ƙwari. Duk yana ganin yadda za a yi, ɗaya bayan ɗaya, kamar an jera masa a faifai.

Abdulbaƙi ya buɗe akwati ya ɗauko wejin ƙarfe. Guda ɗaya. Ya cusa shi a tsakiyar yankan.

Sabo ya fara dukan ƙasa da tafin hannu. Barakatu ta leƙo daga zaure.

"Malam, lafiya? Ruwa?"

Ya nuna cikin zaure, inda buhunsa ke rataye a ƙusa shekara uku. Ta juya ta duba, ta ga buhun, idonta ya kawo ruwa.

"Allah sarki. Ka yi haƙuri, Malam. Kai ma ka yi naka zamanin."

Ya girgiza kai, amma kan nasa kullum cikin girgiza yake. Ya sake nuna buhun, ya nuna bishiya, ya ɗaga yatsu biyu. Wata maƙwabciya da ke tsaye gefe ta ce, "Me yake cewa, Barakatu?"

"Kewar aikin ce. Bari in shigar da shi ciki, kada ransa ya ɓaci jinin ya hau."

Ta kama shi ta hammata. Ya damƙe dokin ƙofa da hannun hagu, ya ƙi saki. Ba ta taɓa ganin ya yi mata haka ba, sai ta ƙyale shi ta tsaya a kansa tana salati a hankali.

Abdulbaƙi ya doki wejin. Ya shige da sauƙi. Ya sake duka, ya ƙara shigewa, amma yankan bai buɗe ko kaurin farce ba. Ƙarfen nutsewa kawai yake cikin ruɓaɓɓen itace. Halliru ya duba sama, ya ga bishiya ba ta motsa ba, sai ya yi abin da Sabo ya hana shi sau ba adadi: ya mayar da inji ya ƙara cin wuya, don ta yi saurin tafiya.

Sabo ya yunƙura. Ya dafa bango ya miƙe a kan ƙafa ɗaya, abin da ya yi wata shida bai yi shi kaɗai ba. Ya yi taku ɗaya, ƙafar dama ta ƙi biyo shi, ya kife a bakin kwata. Daga ƙasa ya ɗaga kai ya buɗe baki da iyakar muryarsa.

"To! To! To!"

Injin ya danne muryar. Waɗanda suka ji kuwa, suka ɗauka zuga ce.

Wata 'yar iska ta taso daga yamma, irin wadda ke zuwa kafin hadari, ba wata mai ƙarfi ba. Saman maɗacin ya yi lilo kaɗan ya koma baya. Yankan ya rufe, ya cije injin. Aka ji ƙas, wejin ya yi tsalle ya fito ya daki katangar Alhaji Lukman. Sai wuyan ya tsinke ta gefe ɗaya. Bishiyar ta juya a kan kututturenta a hankali, kamar mai waiwaye, ta tafi gabas.

Ba a ɗauki lokaci ba. Rumfar Mairo ta lotse ƙarƙashin rassa. Gindin gangar ya zabura baya ya sami Halliru yana ta ƙoƙarin zare injinsa, ya danne masa ƙafa a ƙasan gwiwa.

Layi ya ruɗe da salati. Maza suka taru da sanduna da jak ɗin mota suna ɗaga gangar. Ba wanda ya tuna da Sabo sai Barakatu, tana jan sa daga bakin kwata, rigarsa duk ta ɓaci. Daga inda yake kwance yana hango cikin kututturen: rami ne baƙi wanda mutum zai iya tsugunawa ciki, lafiyayyen itacen da ya zagaye shi bai wuce faɗin tafin hannu ba. Yana hango Mairo ma. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya riƙe da kwanon dawar wani, tana kallon inda injinta yake, 'ya'yanta sun riƙe mata zane.

Ba a rasa rai ba, kowa abin da ya riƙa faɗa ke nan. An yi zama a gaban mai unguwa, aka yi maganganu, aka ba juna haƙuri. Makanikai biyu sun duba injin niƙan suka ce kansa ya fashe, ba ya ɗaukar gyara. Mairo ta gwada tuyar ƙosai a bakin layi, abin bai riƙe ta ba. Kafin lokacin kaka, Mairo ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidan yayanta a Lajawa. Ranar tafiyarta ta shigo sallama, ta durƙusa ta ce, "Baba, a yafe mu." Sabo ya kasa ko kallon fuskarta. Kwana biyu bai ci abinci ba, Barakatu ta ɗauka zazzaɓi ne.

Sai bayan wata huɗu Halliru ya iya zuwa, yana dogara sanda, ƙafar ta ɗoru a karkace. Ya zauna a gefen tabarma ya miƙe ta da ƙyar.

"Baba Sabo," in ji Halliru, "ina kwance na yi ta tunani. Ranar nan, da ka buga ƙirjinka. Cewa kake in ƙwanƙwasa ta ko?"

Sabo ya miƙa hannun hagu ya kama nasa ya matse.

"Ka san kogo ce."

Ya ƙara matsewa.

"To ai da ka..." in ji Halliru. Ya sunkuyar da kai ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna rawa. Barakatu tana tsaye a zaure da kofin ruwa, ta ji komai. Ta ajiye kofin a ƙasa ta koma ciki, ba ta sake fitowa ba sai da baƙon ya tafi.

Halliru bai koma yankan itace ba, ƙafar ba za ta iya gudu daga ƙarƙashin bishiya ba. Ya bar wa Abdulbaƙi injin, shi kuma ya kafa sayar da itacen girki a bakin hanya. Wata rana ya zo da guntun ƙirya da gizago, ya ce zai fiƙe wa Abdulbaƙi wejina na kirki, Baba ya duba masa. Ya kafa itacen zai sara, Sabo ya miƙa hannu ya juya shi yadda jijiyar za ta bi tsawo. Halliru ya gane. Suka yini a kai, ɗaya na sara, ɗaya na shafawa yana turo masa wanda bai yi ba. Guda shida suka fitar, dogaye huɗu, gajeru biyu. Rabon da a ga Sabo ya ci tuwo da yawa irin na ranar, an daɗe.

Abdulbaƙi ya karɓa ya yi godiya. Bayan mako biyu Halliru ya gan su a shagon Abdulbaƙi, an tokare ƙafar benci da ɗaya, sauran suna cikin kwali. Abdulbaƙi ya ce wai suna cin lokaci, masu aiki kuma sauri suke so. Halliru bai gaya wa Sabo ba da farko, amma Sabo ya yi ta kallonsa yana ɗaga yatsu shida, har ya faɗa.

"To," in ji Sabo.

Shagunan Alhaji Lukman sun tashi, guda uku. Ɗaya na mai ɗinki, ɗaya na mai cajin waya, na ukun har yanzu a rufe. Sabo yana nan da ransa, ya haura saba'in. Barakatu ta daina amsa wa mutane a madadinsa. In an tambaye ta me yake cewa, sai ta ce ba ta sani ba, ta zauna kusa da shi ta miƙa masa hannunta, ta fara tambayarsa abu ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci suna dacewa. Sau da yawa kuma har a kira azahar ba su kai ga abin da yake nufi ba, sai ta ɗauko buta ta yi masa alwala.